Takun Kawu Mati

Malanville, 4 ga Maris

Zuwa ga Ummul-Khairi, uwar Husna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lahiya, ke da Husna da mutanen gida. Ya zahin Paraku? Tarin yarinyar ya sake ta? Ni jiki lahiya lau, zuciya ce ta ƙi zamna. Na ba direban kampani takardar nan don abin da ke ciki ba na salula ba ne. Na san ki, sai ki ɗaga murya duk tsakar gida ya ji.

Kin san gadar da muke ɗorawa bisa fadama, mai ginshiƙi ashirin da biyu, don manyan motoci su riƙa wucewa ko kogi ya cika. Ni ke awo. Wurin kowane ginshiƙi daga turken siminti nike auno shi, turakun da na kafa da hannuna kahin ruwa ya zo. To jiya na auna tsakanin na takwas da na tara, sai na ga metir guda ya ɓace. Na goge madubin na'ura na sake, har sau huɗu. Metir guda dai. Sassan da za a aza bisa an riga an zuba su, metir talatin-talatin, kuma siminti ba roba ba ne balle a ja shi. Ginshiƙi na taran kuwa ya riga ya kai tsawon mutum uku.

Cikin gonar Kawu Mati ginshiƙin yake. Da marece muna cin tuwo, ban ce mashi komi ba, sai ya dube ni yana murmushi, wai ko na lura da gyaran da ya yi mini. Wai da ruwa ya janye ya iske turkena ya karkace, ya tone shi ya sake dasawa, yadda suke yi wa turakun iyaka duk shekara: a tsaya gindin giginya a ƙirga taku. Ashe ranar da na kafa shi ya bi bayana ya ƙirga, taku sha biyar, ya aje a ranshi. Ke kika aiko mashi da maganin gwiwa lokacin sanyi, kin san yadda yake jan ƙafa yanzu. Shi kaɗai ne bai sani ba.

Na aje lomar da ke hannuna. Na ce mashi sannu da aiki, na tashi na hita.

Ki shafa mini kan Husna. Ki sa ni addu'a.

Mijinki,
Almustapha

Malanville, 11 ga Maris

Uwar Husna,

Ina gaishe ki, ya gida, ya ɗawainiya? Saƙonki ya iso, har da yajin. Kin ce in faɗi gaskiya kowa ya ɗauki kayanshi. Faɗi da baki ba wuya, Hajiya, ba ke za ki ga tsoho cikin motar jandarma ba. Tun farkon aiki shef, shugaban aikinmu, ya tara manoma ya ce duk wanda ya taɓa turke can za a kai shi. Mutumin da ya ɗauke ni ranar da aka rufe babana, ya yi noman shinkafa har na gama karatun lekol, shi zan nuna da yatsa?

Na rubuta wa shef cewa laihina ne, ban sake gwada turken ba bayan ruwa. Kuma ba ƙarya na yi ba. Aikin rabin sa'a ne, na ga siminti tsaye cak na ce ai shi ke nan, ga shef na ta azalzala wai damina ba ta jira. Da ya karanta, idonshi ya kaɗa ya yi ja, ya karɓe na'urar ya ce in zamna gida sai babban kampani ya zo daga Kotonu. An fara fasa ginshiƙin. Sati shida na aikin mutum arba'in!

Zaman ne ya gagare ni. In je kasuwa, in dawo, in tahi bakin kogi in kalli jirage, in sake dawowa. Ko ina na tsaya ƙarar injin fasa siminti na biyo ni. Na ce wa Kawu hutu aka ba ni, shi ko murna yake ya samu abokin hira. Ba zan ɓoye maki ba, ina jin haushinshi. Wani lokaci in ya buɗe baki sai in ji kamar in daka mashi tsawa, sai kuma in ga yana zaɓo mini tsokar kihi yana turowa gabana.

In sun sallame ni, wa zai ɗauki mai awon da aka fasa ginshiƙi saboda shi? Kar ki gaya wa Inna tukuna.

Naki,
Almustapha

Malanville, 16 ga Maris

Ummul-Khairi,

Allah sa kun tashi lahiya. Ki gafarce ni, gaisuwar yau gajeruwa ce.

Rufin da na yi bai rufu ba. Ran Asabar na bi ta rumfar masu shinkafa, sai na jiyo muryar Kawu cikin taro, yana ba da labarin yadda ya gyara wa ɗanshi turken gada. Bai tsaya nan ba, yana yi wa masu gonakin gaba faɗa, wai kowa ya kula da turken da ke gonarshi, in ya karkace a tone a miƙe, aikin gari ne. Har Sa'adu maƙwabcinshi ya amsa da cewa gobe zai duba nashi. Innalillahi! Ginshiƙi goma sha uku suka rage, kowane da mai gyaranshi. Na bi su ɗaya-ɗaya ina roƙo kar a taɓa, suna dubana kamar na taɓu.

Jiya bayan la'asar na zamna gabanshi na faɗa mashi duka: metir guda, ginshiƙin da ake fasawa, da hutun da ba hutu ba. Ban iya kallon idonshi ba. Bai yi musu ba, bai yi hushi ba. Tambaya ɗaya ya yi, wai ai sha biyar ya ƙirga, ta ina ya kuskure? Tuwo ya zo ya koma ba a taɓa ba.

Yau da sahe bayan salla na leƙa, na gan shi tsakar gida yana takawa daga ƙofar ɗakinshi zuwa rijiya, leɓenshi na motsi. Taku sha ɗaya ne tun ranar da ya gina ta, duk wanda ya tashi gidan nan ya san haka. Ya samu sha biyu. Ya koma ya sake, ya sake. Sannan ya dafa bakin rijiyar ya daɗe tsaye, ya ce tun yaushe ƙafarshi ta gajarce ba wanda ya gaya mashi. Ummu, na yi kuka, ban ji kunya ba.

Ya shiga ya sa rigarshi ta Juma'a. Ya miƙo mini makullin rumbu, ya faɗa mini ranar da za a sakar wa shinkafa ruwa da inda ya aje taki. Na ce na riga na ɗauki laihin, kuma rabinshi nawa ne, ya ce in riƙe rabina in bar mashi nashi. Na tare ƙofa, ya ce in kauce, shi ya rene ni ba ni na rene shi ba. Na ce to mu tahi tare, ya ƙi. Na kira mashi kabu-kabu, ya sallami mutumin. Wai da ƙafar da ta yi ɓarnar zai je gaban shef.

Kilometir huɗu ne zuwa shantiye, wurin aikin gadar, ga rana ta ɗaga. Na tsaya ƙofar gida ina kallonshi yana jan ƙafa har ya sha kwanar masallaci. Ya hana ni binshi, amma ina naɗe takardar nan zan sa takalmi in bi shi, ko daga nesa ne.

Ki yi mana addu'a, mu biyu.

Mijinki,
Almustapha