Nauyin Wutsiya

Kansas, tsakiyar Agusta

Zuwa ga yayata Rhonda,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Glenn da yara. Ya gwiwar Glenn, ta saki kuwa? Mu nan lafiya lau, in ban da zafi da rashin ruwa. Ciyawa ta bushe ƙayau, ko tari ka yi kusa da ita sai ka ji tsoro.

Na ga hoton ɗakin da kika gyara wa Baba. Labulen ya yi kyau. Ban nuna masa ba tukuna, don duk lokacin da aka ambaci komawarsa wurinki a Denver sai ya ƙara ƙarar rediyo. Ya dai amince zai tafi kafin sanyi ya shigo, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ya sa na ɗauki biro.

Kin tuna ƙwallon robar da likita ya ba shi ya riƙa matsawa da hannun da ya shanye? Kare ya gaje ta. A madadinta Baba ya yi odar kayan haɗa roka. Ba irin ƙananan da muke harbawa muna yara ba, wannan in an haɗa ta za ta kai ƙirjina. Bututun kwali mai kauri, fikafikai na katako, hancin roba, da jar lemar sauka. Ya baje su a teburin cin abinci, yanzu a tsaye nake cin abincina. Ya ce sai ya harba ta a taron ƙarshe na bana a makiyayar tsoho Unruh, ƙarshen Satumba, sannan ki zo ki kwashe shi kamar buhun dankali. Maganarsa ce, ba tawa ba.

Da hannun hagu yake komai. Na dama yana ɗan motsawa, amma ba ya jin abin da ya taɓa. Na ce in riƙe masa fiffike ya shafa gam, ya dube ni ta saman tabarau ya ce shi ya kafa ƙungiyarmu ta masu harba roka, shi kuma ya kafa dokar cewa rokar da za ta tashi da sunan mutum, hannunsa ne zai haɗa ta. Na bar shi. Kin san mahaifinki, ai wurinsa kika ɗauko naki taurin kan.

Abu biyu ke damuna. Na farko, ni ce a teburin bincike bana, kowace roka sai ta bi ta hannuna kafin ta hau sandar harbi. Na biyu, Unruh. Tun da rokar wani baƙo ta ƙona masa shinge bara, ya ce sau ɗaya ya rage. In aka sake ko da hayaƙi ne, zai sa kwaɗo a ƙofar makiyayar har abada. Ga dawarsa a gefen filin, rashin ruwa ya fara busar da ganyenta. Ba mu da wani fili in ba wannan ba, kuma Baba ne ya samo mana shi tun ba a yaye ni ba.

Ki gaishe da kowa. Ki daina aiko masa da safa, aljihun tebur ya cika.

Taki ƙanwa,
Darla

Kansas, tsakiyar Satumba

Rhonda,

Ina gaishe ki, ina gaida Glenn da yara, da fatan kowa na cikin ƙoshin lafiya. Baba yana cin abinci sosai, yana shan maganinsa in na tsaya a kansa. Ni ce dai ba ni da kwanciyar hankali.

Rokar ta haɗu. Ya fente ta ruwan ɗorawa, kalar tsohuwar motar marigayiya Mama, ya rubuta sunan Mama a jiki da haruffa masu rawa. Da na gani sai da na shiga kicin na tsaya a gaban famfo na ɗan lokaci.

Shekaranjiya ya tafi aski, na ɗauke ta. Kin san gwajin, tun muna yara muke ganinsa. Akwai layin da ake ja a jikin bututu. A sa inji a ciki, a ɗora roka a kan yatsa, dole ta daidaita a gaban layin, ta wajen hanci. In ta daidaita a bayansa, ba sama za ta nufa ba, wulwulawa za ta yi da wuta a gindinta ta tafi inda ta ga dama. Rhonda, ina ɗora ta wutsiyar ta yi ƙasa. Na matsa yatsa baya, na sake matsawa, sai da na wuce layin sosai sannan ta tsaya.

Na leƙa ciki na ga dalili. Saboda tsoron kada fikafikan su ɓalle, tunda bai yarda da hannunsa ba, ya ɗura gam a gindin nan kamar mai zuba kankare. Shi da ke yi wa mutane tsiya a kan yawan gam. Na tabbata ya gwada ta a yatsa, amma yatsan dama ya saba sawa, yana tallafe hancin da hagu. Yatsan da ba ya ji me zai gaya masa?

Gyaran ba wuya. 'Yar dalma a cikin hanci, shi ke nan. Da yamma na kawo maganar a hankali, na ce kamar ta ɗan yi nauyi ta baya. Ya ajiye cokali ya tambaye ni wa ya ba ni izinin taɓa ta. Daga nan ya ce, "Kun karɓe mukullin mota, kun karɓe bindigar farauta, kun sayo min labule. Yanzu kuma ke za ki koya min roka?" Ashe ya ga hoton. Tun ranar ya ɗauke ta ya kai ɗakinsa, ya kuma daina yi min magana sai abin da ya zama dole.

Na yi tunanin in saci jiki in zuba dalmar. Amma in ya gane, kuma zai gane, to na ƙwace masa abu ɗaya da ya rage ya yi da kansa. Na je wurin Hoyt, abokinsa mai shagon walda, na ce ya yi masa magana. Hoyt ya sosa ƙeya ya ce, "Haba Darla, tashin ƙarshe ne fa. Ki kau da kai. Wata roka ma mai nauyin wutsiya takan miƙe in Allah ya so." Na ce in ba ta miƙe ba fa, ta faɗa dawar Unruh, ko cikin mutane? Ya ce na cika tsoro, tun ina ƙarama haka nake.

Kin ce a waya in hana shi zuwa filin gaba ɗaya, in ce likita ne ya hana. Ke da ke nesa komai sauƙi gare ki. Ba zan yi masa ƙarya ba. Amma ina tsoron ranar nan, ban taɓa tsoron wata rana kamarta ba. In na ce a'a, na kunyata shi gaban mutanen da ya koya wa sana'ar. In na ce to, filin da ya samo ne zai iya ƙonewa da hannunsa.

Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Darla

Kansas, ƙarshen Satumba

Yayata Rhonda,

Gaisuwa mai tarin yawa gare ki da iyalinki. Ina fatan mura ta saki ƙaramin. Ban ɗauki wayarki jiya ba don muryata ba ta dawo ba. Ki zauna ki karanta, kuma kada ki tsallaka zuwa ƙarshe yadda kika saba.

Mutane sun cika filin, har da waɗanda suka daina zuwa da daɗewa, don sun ji labarin Baba, Vernon Kratzer da kansa, zai yi tashinsa na ƙarshe. An kawo naman gashi da wake da lemo a cikin ƙanƙara. Unruh ya ajiye motarsa a bakin ƙofa, ya zauna a kan bonet da hularsa. Iska tana kaɗawa kaɗan-kaɗan ta wajen dawarsa.

Baba ya shiga layi kamar kowa, ya ƙi a ba shi gaba. Da ya iso tebur ya ajiye rokar bai dube ni ba. Na duba fikafikai, na duba lema, na ja igiya, duk ina jan lokaci. Sannan na ɗora ta a yatsa. Wutsiyar ta yi ƙasa a gaban kowa. Wurin ya yi tsit, ina jin ƙarar tutar da ke kan rumfa. Na ce, "Baba, ba za ta tashi haka ba. Hancin na son nauyi." Ya tsaya yana kallona har na ji kamar in nutse, sannan ya ɗauki abarsa ya koma inuwar mota. Wata mata a bayansa ta ce, yadda zan ji, wasu 'ya'yan ba su da tausayi.

Da rana ta yi tsaka lokacina ya ƙare, Hoyt ya karɓi tebur, ni kuma aka tura ni gadin wuta can bakin dawa da shebur da jarkar ruwa. Ina tsaye ina share hawaye da gumi, sai na hango abu ruwan ɗorawa a kan sandar harbi. Na ɗauka idona ne. Sai na ji lasifika tana kiran sunan Baba da sunan Mama, mutane suna tafi. Ashe Baba ya sake kai ta tebur, Hoyt ya sa hannu ta wuce.

Na yar da shebur na zura da gudu. Kin san nisan wurin, kin kuma san rabona da gudu. Ina ihu a tsaya, iska tana mayar min da muryata. Na hango Unruh ya sauko daga bonet. An miƙa wa Baba akwatin maɓalli, mai lasifika ya fara ƙirga, biyar, huɗu, uku. Na san ba zan isa ba. Na durƙusa a cikin ƙaya.

Ƙirgan ya ƙare, ba abin da ya tashi. Baba ya zare mukullin akwatin ya sa a aljihu. Ya taka zuwa sandar, yana jan ƙafar nan tasa, ba wanda ya yi ƙarfin halin bin sa. Ya zare wayoyin kunnawa, ya sauke rokar da hannu ɗaya, ya rungumo ta ya dawo tebur. Lokacin na iso ina haki.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Hoyt, ka ɗora ta a yatsa?" Hoyt ya fara kame-kame, wai ai aikin Vernon ba ya bukatar gwaji. Baba ya ce, "Shafa ta ka yi kamar kan jariri, ka sa hannu. Tun da muka kafa teburin nan ban taɓa ganin rokar da ta wuce ba a ɗora ta a yatsa ba, sai tawa. Tausayina kake ji?" Hoyt ya sunkuyar da kai. Daga baya Baba ya gaya min tun yana tafiya wurin sandar abin ke cin sa, yana riƙe da maɓallin kuma ya ɗaga ido ya ga dawar.

Ya juyo wurina ya ce in sake gwada ta, amma a kan yatsansa na hagu. Na ɗora masa. Ya ji wutsiyar ta rinjaya. Ya daɗe a haka, yana matsa yatsa baya kaɗan-kaɗan har ya wuce layin. Sai ya ce, "To. Zo ki riƙe min hancin." Rhonda, tun da ciwon nan ya same shi bai taɓa cewa a riƙe masa komai ba, ko kofi.

Wani ya kawo dalmar ƙugiya daga akwatin kamun kifinsa, Hoyt ya kawo gam mai saurin kamawa, yana ta rawar jiki. Na riƙe, Baba ya zuba da kansa, rabin gam ɗin a kan yatsuna. Da ya bushe ya sake shiga layi daga ƙarshe. Hoyt ya ɗora ta a yatsa har sau biyu, ta tsaya cak a gaban layin. Baba ya ce masa sai yanzu ya zama mutum.

Ta tashi a miƙe, da ƙarar da ta shiga har haƙorana. Na bi ta da ido har ta zama ɗigo, sannan jar lemar ta buɗe. Mutane suka yi ta ihu, ni kuwa kuka nake. Sai iska ta ɗauke ta a hankali, ta wuce filin, ta wuce shinge, ta sauke ta can tsakiyar dawar Unruh. Ba wuta, ba hayaƙi, injin ya daɗe da mutuwa. Amma kin san ƙa'ida, ba a shiga amfanin gonar mutum. Abin da ya faɗa ciki sai girbi.

Unruh ya tako har inda muke. Ya dubi Baba ya ce ya ga lokacin da ya zare mukullin, kuma ƙofa tana nan a buɗe baɗi. Rokar kuwa, in injin girbi bai tauna ta ba, zai kawo ta gida da kansa. Baba ya tambaye shi yaushe zai yi girbi. Ya ce dawar bana ta makara, sai dai bayan sanyi ya kama sosai.

Muka kama hanyar gida ni da Baba, har muka kusa. Sannan ya ce in rubuta miki ba inda za shi ya bar Mama a cikin dawa. Na ce bayan girbi fa? Ya ce bayan girbi akwai fenti da za a gyara, kuma ya ga wata roka a littafin talla wadda mutum ɗaya ba zai iya haɗa ta ba.

Don haka ki bar labulen a rataye, yayata, amma kada ki jira mu bana. In kina son ganinsa ki zo da kanki, ki taho da kujera, don teburin cin abinci ya sake cika. Gam ɗin ma har yau bai fita daga yatsuna ba.

Ki gaishe da Glenn da yara da kyau.

Taki ƙanwa mai ƙaunarki,
Darla