Tambayar da Na Amsa a Madadinki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ɗa ga mahaifiya, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina neman izini in yi doguwar magana, abin da ban taɓa yi a gabanki ba. Masu karanta shafina na intanet sun daɗe suna jiran sharhina a kan wani wasa, ni kuwa na kasa rubuta shi ban fara zuwa wurinki ba. Za su karanta takardar nan, ki yi haƙuri da su.

Kin san abin da nake yi, ko da yake ba ki taɓa yarda cewa aiki ne ba. Wasannin labari ne na ƙasar Japan: hoto a fuskar kwamfuta, rubutu a ƙarƙashinsa, kiɗa a hankali, babu gudu babu harbi. Mutum yana cikin karatu sai labarin ya tsaya ya ba shi zaɓi, abin da ya zaɓa kuma shi zai kai shi ga ƙarshen da ya samu. Waɗanda na fi so su ne masu tona zuciyar ɗan Adam, masu tambayar mene ne gaskiya, wa kuma ke da haƙƙin saninta. Ke kika raɗa musu suna: tatsuniya mai tambaya.

Da muka dawo daga asibitin Sakkwato kin daina fita kasuwa. Atamfofinki na sayarwa na nan a ɗaure, masu babur da suka saba ƙetare iyaka da ke zuwa Ƙonni suna tsayawa a ƙofar gida su yi gaisuwa su wuce. Bayan la'asar kikan kwanta a rumfa, ni kuma in zauna gefe da kwamfuta, domin ban san abin da zan ce miki ba. Ni ne ɗan fari. Ba ki taɓa kiran sunana ba, sai dai "ɗan bokon ga", hirarmu kuma ba ta taɓa wuce gaisuwa da aike ba.

Wata rana kika leƙo kika ce, "Mi mutanen ga ka cewa?" Na fassara miki layi ɗaya, kika nemi na biyu. Haka muka fara.

Labarin wata mata ce mai tuƙa jirgin fito tsakanin tsibirai biyu, tana jinyar mahaifinta, tsohon malamin makaranta. Kin so ta, kin ce ta san wahalar ƙetare iyaka safe da yamma. Amma ba ki raga mata ba: "Wagga ɗiya tun jiya ba ta sa komi bakinta ba, sai tsayuwa bakin ruwa tana tunani. Ba ta da dangi?"

Duk zaɓin da ya zo, ke kike yi. Kin ma gano abin da ni ban lura da shi ba duk da shekarun da na yi ina sharhi, cewa kiɗan yakan ɗauke kafin tambaya ta fito. Da na bayyana miki cewa masu sharhi sukan koma baya su gwada kowace hanya don su ga kowane ƙarshe, sai kika hana. "A'a, mun riga mun zaɓa. In ka koma, yaushe za mu san abin da munka yi?"

Yanzu na zo wurin da nake kewayewa.

A Sakkwato, likita ya kira ni waje ya gaya mini cewa ciwon yana hanta, kuma ya wuce magani. Na kira Kawu, yayanki, muka yi shawara a bakin ƙofar asibiti, muka tsayar cewa ba za a gaya miki ba, kamar yadda ake yi a gidaje da yawa. Muka ce miki gyambon ciki ne. Kika ce Allah Ya sawwaƙe.

Bayan 'yan makonni labarin ya kawo mu daidai nan. Likitan tsibirin ya keɓe matar ya gaya mata abin da ke jikin mahaifinta. Ina karantawa da Turanci a zuci, bakina kuma yana gaya miki da Hausa cewa ana maganar sauya magani ne. Sai kiɗan ya ɗauke. Layi biyu suka fito: ta gaya masa, ko ta yi shiru. Na danna na biyu da sauri.

"Kiɗi ya tsaya," kika ce. "Mi sunka tambaya?"

Na ce ba wani abu ba ne. Sai kika ce, "To, ka zaɓa min ke nan. Ci gaba."

Muka ci gaba. Tsohon ya daina tambayar magani, ya shiga raba littattafansa ga maƙwabta, yana yi wa 'yarsa barkwanci fiye da da. A nan kika faɗi maganar da na ɗauka ta wasan ce kawai: "Tsohon ga ya sani. Tausayinta yaka ji." Ya rasu 'yarsa tana riƙe da hannunsa, ba wanda ya ce wa wani komai. Masu wasan suna kiran wannan mummunan ƙarshe. Da na gaya miki haka kika ce ke ba ki ga muninsa ba.

Bayan sadakar arba'in ɗin rasuwarki, Yafendo, ƙanwarki ta Ƙonni, ta tsayar da ni a zaure. Ta ce tun kafin tafiyarmu Sakkwato kin hau babur kin je wurinta da sunan gaisuwa, ta raka ki wurin wani likita, kika tsare shi sai da ya gaya miki gaskiya ido da ido. A hanyar komawa kika gargaɗe ta: "Kar ki gaya ma ɗan bokon ga. Bai iya ɗaukar ciwona, ya kuma ɗauki sanin cewa na sani."

Tun ranar nake juya abu ɗaya, kuma ba baƙin ciki ne ya fi yawa a cikinsa ba, son sani ne. Da na karanta miki tambayar yadda take, me za ki zaɓa? Wani lokaci in ce shiru, tunda shi kika yi mini. Wani lokaci in tuna cewa ke ba ki yarda an yi miki shiru ba, kin ƙetare iyaka don ki ji da kunnenki. Ko kuwa kin so a tambaye ki ne kawai, domin ta bakin wata 'yar tsibiri ki gaya wa ɗanki abin da kunya ta hana ki gaya masa kai tsaye? Idan haka ne, ƙofa ɗaya ce muka samu, ni kuma na rufe ta da yatsa ɗaya.

Na so in rubuta cewa aibin wasan shi ne ya ɗauka mai kula da mara lafiya kaɗai ke da sani. Yanzu ba ni da tabbaci. Wataƙila marubutan sun ɓoye amsar cikin littattafan da tsohon ya raba, suna jiran mai karatu irinki. Masu karatu suna so in koma in gwada ɗaya hanyar, in gaya musu wace ce ta gaskiya. Ba zan koma ba. Sharhina na hanya ɗaya ne, wadda muka bi tare, kuma ga shi sun gama karanta shi.

Abin da ya rage shi ne in gyara fassarata. Ga abin da aka rubuta, Inna: likita ya ce kwanakinsa sun yi kaɗan, za ki gaya masa ko za ki yi shiru? Ga kuma nawa: ba gyambon ciki ba ne. Na sani tun daga Sakkwato. Duk yammacin da na zauna kusa da ke na sani, kuma ban zauna don wasan ba.

Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa ciwon ya zama kaffara. Allah Ya yafe mini abin da na ɓoye, Ya haɗa mu inda babu abin da ɗayanmu zai ɓoye wa ɗaya.

Naki,
ɗan bokon nan,
daga rumfarki, Illela.