Filar da Inna ta sa aka gusar

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don Allah a sakaya sunana, akwai 'yan unguwarmu a nan. Don Allah ku ba ni shawara, kuma yau nake buƙatarta, domin gobe Alhamis masu haƙa za su zo, ni kuwa kaina ya kulle.

Ni mace ce, zanen gine-gine na karanta kuma shi nake yi. Gidanmu na gado yana Koki, tsohon ginin ƙasa ne, duk damina sai wani sashe ya zube. Bayan rasuwar Baba, Yayanmu babba ya ce a rushe a yi wa mahaifiyarmu, Inna, bene, ita a ƙasa, ƙannenmu a sama. Shi ya ɗau nauyin aikin, ni aka ce in yi zane in kuma sa ido. Na ji daɗi ƙwarai, don a ganina yau dai za a san amfanin bokon da ake yi min ba'a a kansa.

Bari in fara da laifina. A wajen aiki, kafin in ja layi ko ɗaya sai na zauna da wanda zai zauna a gidan, in yi ta yi masa tambayoyi har ya gaji da ni. A gidanmu na tsallake wannan. Da Yaya na zauna, Inna ko tambayarta ban yi ba, ina ganin ai a gidan aka haife ni, wane lungu ne ban sani ba. Da na gama na nuna mata a waya, ta daɗe tana kallo, ta ce Allah ya yi albarka. Injiniya ya lissafa filoli, wato ginshiƙan siminti, da rodi, takardu suka fito, aka rushe gida, Inna ta koma wajen ƙanwarta a Kabara. Ranar da aka ja igiya aka kafa turaku ina tsaye, amma lokacin haƙa fandisho ofis suka tura ni wani gari, sai na bar komai a hannun Malam Sabo magini, wanda tun zamanin Baba shi ke yi mana yaɓe. Hotuna kawai nake gani, ina cewa madalla.

Yanzu gini ya wuce linta, wato saman ƙofofi da tagogi, kafinta ya shimfiɗa katako, an ɗaure rodi, Asabar za a zuba dekin, wato kankaren da bene zai hau. Kun san lungunanmu mota ba ta shiga, da baro aka yi ta jido yashi da tsakuwa daga bakin titi, an jibge a ƙofar maƙwabta har sun fara ƙorafi. Ranar Litinin na je da tef in yi dubawar ƙarshe, sai na ga fila ɗaya, ta bakin tsakar gida, ba ta inda na zana, an gusar da ita kusan taku biyar. Ita ce za ta ɗauki bim, wato azarar siminti, da bangon ɗakin sama zai hau. Na kira injiniya, ya auna, ya ce shi ba zai sa hannu ba. Ko dai a haƙa a kafa fila a wurinta na asali, ko a sake lissafi a kwance katako a yi babban bim, aikin da zai ci fiye da sati uku.

Raina ya ɓaci matuƙa. Ina da saurin baki, na sani. A gaban leburori na wanke Malam Sabo tas, mutumin da ya yi sa'an mahaifina, kuma nan take na kira Yaya na zayyane masa. Malam Sabo bai ɗaga murya ba, ya goge hannu a jikin rigarsa ya ce, "Uwar ɗakina, je ki tambayi Inna. Ni dai ba a bakina za ki ji ba."

Na tarar da Inna tana gyaran zogale. Na faɗa mata, ba ta ɗago ba, sai can ta ce, "Akwai mutum a wurin." Na zauna kusa da ita, ta fayyace min. Ashe kafin ta haifi Yaya ta haifi wani namiji, ya kwana huɗu ya koma, ko suna ba a yi ba, kakanmu ya binne shi a bayan ɗakinta kamar yadda ake yi wa jarirai a da. Sai a lokacin na gane dalilin da kullum take share wurin, ba ta yarda a zuba ruwan wanke-wanke, mu kuma in muka yi wasa a nan mu sha duka ba mu san laifinmu ba. Ranar haƙa ita ta sa hijabi ta je da ƙafarta ta roƙi Malam Sabo ya gusar da filar, shi kuma ya ƙara rodi da tunaninsa, yana ganin ya wadatar. Na ce Inna me ya sa ba ki faɗa min ba? Ta ce, "Kin tambaye ni?" 

Mu asalinmu Fulani ne, kuma Inna ta riƙe kunyar ɗan fari da gaske, har yau ba ta kama sunan Yaya, shi da kowa a kan shi ne na fari muka tashi. Ta riƙe hannuna ta ce, "Shekara arba'in da ɗoriya ban buɗe baki ba, ba zan buɗe a kan siminti ba. Kada wancan ya ji. Ki bar min shi inda yake." Na ce to, kafin ma in yi tunani.

Jiya na je wa Yaya da maganar sake lissafi, muka kwashi 'yan kallo. Ya ce ni na kira shi ina ihu an ɓata min zane, yanzu kuma ni ce nake kare wanda ya ɓata, wai ina wasa da hankalinsa don in nuna na yi karatu. Ya ce ga hadari ya fara haɗuwa, ga maƙwabta, ga Inna a gidan mutane, shi bai ga dalilin ɓata sati uku ba a kan abin da ramin kwana biyu zai gyara. Ya yanke cewa gobe a haƙa a wurin da na zana kuma a sallami Malam Sabo, in kuwa na hana, to Asabar a zuba dekin a yadda yake tunda maginin ya ce zai ɗauka. Na farko zan sa diga a kan ɗan'uwana, na biyu zan kwantar da uwata a ƙarƙashin abin da na san bai da ƙwari. Kuma tsakani da Allah, da abin da Yaya ya sani, ban ga laifinsa ba.

Na san wani zai ce ai yanzu ba abin da ya rage a ƙasan. Ni ma na faɗa wa kaina haka, amma na kasa faɗa wa Inna. Ɗazu na koma na ba Malam Sabo haƙuri, ya ce ba komai, ko an kore shi ba zai yi magana ba, alkawari ya ɗauka. Na tsaya a wurin, a takardata ɗan ɗigo ne baƙi na sa masa lamba, a ƙasa kuwa na tarar an share shi tas an kewaye da bulo huɗu don kada leburori su taka.

Jama'a ya zan yi? In karya alkawarin Inna in faɗa wa Yaya yana da wa, ko in tsaya a bakin wurin gobe in hana haƙa ba tare da dalili ba, ya ɗauke ni mahaukaciya? In akwai hanyar da zan dakatar da aikin nan ba tare da na tona ramin ko na tona Inna ba, don girman Allah ku nuna min kafin su iso da diga.