Ƙarfen Da Ya Je Kumasi Ya Dawo

Camberwell, Landan
Fabrairu, 1991

Zuwa ga ƙanena Sumani, a Magazin, Kumasi.

Assalamu alaikum. Shafa'atu ce ke rubuta mini wannan, matar likitan nan Bakano da ke flat ɗin samanmu. Ni ina faɗa, ita tana sawa a takarda. In ka ga Hausar ta yi tsabta hannunta ne, maganar kuwa tawa ce, yayarka Amamata.

Ina fatan kana lafiya, kai da Mariatu da yara. Yaya aiki? Yaya ƙugun nan naka? Ka gaishe mini da mutanen Zango, wanda ya tambaye ni da wanda bai tambaya ba.

Sumani, maigidanka ba lafiya. Mijina Alhaji ya faɗi a bakin ƙofa watan jiya, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Bakin nan da ya sha zaginka da shi lokacin da kake koyon gyaran mota a hannunsa, yau ba abin da ke fita sai gurnani. Yana asibiti nan kusa da mu. A ɗaga shi ya ƙi ɗaguwa, a ba shi ƙwallo ya matsa ya sake ta ta faɗi. Wata mata da suke ce wa social worker ta ce in bai fara tsayuwa da ƙafarsa ba zuwa bayan Sallah, gidan tsofaffi za su kai shi, can bayan gari. Ni da ban iya karanta sunan tasha ba, ta ina zan bi? Wa zai yi masa alwala? Wa zai juya shi gabas?

Abu ɗaya ke sa ya buɗe ido. In na shiga sai ya ɗaga hannun hagu yana juya shi kamar sitiyari. Motarsa yake tambaya. Ni kuma in ce tana nan lafiya.

Ba ta lafiya, Sumani.

Ka san ta a hoto, baƙar nan mai bayan kunkuru, Jawet. Masu yin ta sun daina tun Gana ba ta sami kanta ba. Ya same ta a kan bulo a gidan wani tsohon Bature, kyanwa ta haihu a ciki. Asabar da Lahadi ba na ganin komai nasa sai tafin ƙafa. Ya sa mata ham na babbar mota, ya rufe kujerun da jar fata da aka kawo daga Bolga, ya yi mini waldar ɗan matakala saboda gwiwata. Ran Juma'a in za mu masallacin Whitechapel, Turawa har hoto suke ɗaukarmu.

Da ya kwanta sai na ce bari in kula masa da ita. Ka tuna lokacin da nake sayar da wake da shinkafa a Magazin, unguwarku ta makanikai, kowace safiya yaran mota sai sun zuba sabon ruwa a lagireto? Na buɗe na ga ruwanta ya yi shuɗi kamar na rini. Na ce kai, wannan ya lalace. Na san ɗan famfon da ke ƙasa, don ni ke tara masa kwano. Na zubar, na cika da ruwa mai kyau da buta. Sai ga ƙanƙarar da ban taɓa ganin irinta ba tunda na zo ƙasar nan. Ashe shuɗin nan maganin sanyi ne. Ruwana ya daskare a ciki ya tsaga gidan famfon ruwan, kamar an tsaga goro.

Autana Masawudu ya nemo wani Bature mai irinta. Yana da ƙarfen a ajiye, amma ya ce ba zai sayar ba, sai dai mu mu sayar masa da motar. Ya ga fatar kujerun ya dafe kai kamar an yi masa rasuwa.

To ga abin da nake roƙonka. Awawu mai fataucin atamfa za ta taso ran Laraba, na naɗe mata fasasshen a zani. Ka kai wa masu zubin tukwane su danna shi a yashi su zuba sabo. Na ga kun yi wa manyan motoci, wannan ɗan abu ba zai gagare ku ba. In Alhaji ya ji kukan injin nan zai tashi, na san mijina. Don Allah, don darajar Mma da ta haife mu, kar ka ce gobe.

Taka,
Amamata

Camberwell
Cikin azumi

Ƙanena Sumani,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. Yaya ibada? Allah ya sa muna cikin 'yantattun bayi. Shafa'atu na gaishe ka, ita ce dai ke riƙe da biro.

Shiru, Sumani. Shiru kamar an aiki bawa garinsu. Na je Stratford gidan 'yar Awawu, ni kaɗai, ina nuna wa mutane takardar da Shafa'atu ta rubuta mini har na isa. Sai yarinyar ta ce wai uwarta ta sauka ta tarar da rasuwa a Tamale, ta wuce can da kayanta duka. Wato ƙarfen Alhaji yana zaman makoki a Tamale! In wannan wasiƙa ta riga Awawu isowa, ka sa yaro a mota ya je ya karɓo. Ko ita Awawun ce ka ɗauko gaba ɗaya.

Alhaji ya daina juya hannu. Jiya na shiga na tarar ya fuskanci bango. Na dama masa koko na kai, ya rufe baki. Na ce motarka na gaishe ka, bai ko motsa ba. Ina jin ya gane ƙarya nake yi, don da tana tafiya da tuni mun kawo ta. Akwai wata nas a ward ɗin, Eunice, 'yar wajen Kumasi ce, tana ce masa Papa. Ita ta ja ni gefe ta ce mutum in ya fara kallon bango, magani ba ya kama shi.

An kai mu mun ga gidan tsofaffin. Ba laifi, da tsabta, da furanni. Amma an jera su ne gaban talabijin, kowa da bargo a gwiwa, ba mai ce wa wani kanzil. Mutumin da in yana magana a Magazin guduma ke tsayawa! Na fito na zauna a bakin hanya na yi kuka, da azumi a bakina.

Ni da Masawudu mun yi faɗa. Baturen nan ya sake dawowa, ya tsaya a ƙofa da hularsa a hannu. Masawudu ya ce a ba shi, a huta. Ya ce shi tun yana yaro motar nan ta cinye masa uba, ranar da aka ba shi kyauta a makaranta ma Baba yana ƙarƙashinta. Rabi da Hausa yake faɗa rabi da Turanci, da ya zo wurin zafin sai Turancin ya rinjaye shi, ban ji sauran ba. Gaskiyarsa ce, ban musa ba. Amma na ce masa kafin a ja motar nan sai an fara jan gawata. Na ɗauki makullin na ɗaure a bakin zani, da shi nake kwana.

Abu ɗaya, kuma ka saurara. Na san halinka na gwaninta. Kar ka ce za ka ƙara masa kyau, kar ka faɗaɗa rami, kar ka ƙara kunne. Yadda ka gan shi haka za a zuba. Kuma kar su narkar da tsohon a cikin sabon yadda suka saba, ka dawo mini da su biyu.

Sallah na matsowa, Sumani. Ba ni da kowa sai Allah sai kai.

Yayarka,
Amamata

Camberwell
Bayan Sallah

Sumani ɗan Mma,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina Mariatu, ina yara? Allah ya yi maka albarka, ya sa 'ya'yanka su yi maka abin da ka yi mini.

Ƙarfen ya iso ana jibi Sallah. Awawu ta cusa shi cikin busasshen kifi, har yau in inji ya yi zafi ƙamshin miya ke tashi. Amma kai ba ka jin magana, ka ƙara masa kauri. Rami ɗaya ya ƙi haɗuwa da ƙusarsa. Na zauna a matakala na ce shi ke nan.

Masawudu ya dawo daga tuƙin bas, ya gan ni. Ya shiga ya ɗauko akwatin kayan aikin ubansa, wanda bai taɓa taɓawa ba. Ya kwanta a ƙasa da rigar aikinsa. Ya goga, ya gwada, ya goga, ya gwada, yana zagin ka yana zagin motar. Hannunsa duk ya fashe. Washegari wajen azahar ya zuba ruwa mai shuɗin, ya ce in kwance makulli. Ta yi tari, ta yi tari, sai ta kama. Kukanta ba irin na sauran motoci ba ne, kamar tsoho yana gyaran murya. Na durƙusa a kan titi na yi sujada.

Ran Sallah na riga Masawudu zuwa asibiti. Eunice ta sa Alhaji a keke ta tura shi bakin taga, ta buɗe, alhali an hana. Kansa a sunkuye. Sai ga motar ta shawo kwana. Na ga kunnensa ya ji kafin idonsa ya gani, yatsunsa suka kama hannun keken.

To giyar motar a jikin sitiyari take, Masawudu bai saba ba. Ya zo zai ja baya ya gyara tsayuwa, sai ƙarrr! Ya sake, ƙarrr! Kamar ana niƙa tsakuwa. Sumani, ban ga lokacin da Alhaji ya kama ƙarfen taga ba. Sai ganinsa na yi a tsaye, yana rawa kamar kara a iska, jijiyar wuyansa ta fito. Ya buɗe rabin bakin nan ya ce, kuloci, ɗan banza! Duk ward ɗin sai da suka ji. Eunice ta riƙe shi tana ihu a kira likita, ni kuwa dariya nake ko kuka, ban sani ba. Masawudu ya leƙo ta gilashi ya ga ubansa a tsaye yana zaginsa, ya kifa kai a sitiyari.

Alhaji bai daɗe a tsaye ba ƙafar ta saki. Amma likita ta gani da idonta. Shekaranjiya social worker ta ce sun cire sunansa daga gidan tsofaffin, in ya iya hawa matakalar flat ɗinmu gida zai dawo. Yanzu shi ke fara kama ƙarfen koyon tafiya kafin a ce masa, don ya ce yaron nan zai kashe masa mota. Ba duka maganar ke fita ba, amma zagin yana fita tas. Hannun dama dai sun ce kar mu sa rai. Ba zai sake tuƙi ba, bai sani ba tukuna, kuma ban san bakin da zan gaya masa da shi ba.

Akwai sauran magana, amma na gaji, Sumani. Tun da ya faɗi ban yi barcin kirki ba, yau kuma jikina duk ya mutu. Shafa'atu, ki rufe haka nan.

Baba Sumani, ni ce Shafa'atu. Hajiya Amamata ta jingina da bango ta lumshe ido, barci ya ɗauke ta. Na jira ko za ta ƙara wani abu, ba ta ƙara ba. Na sa sunanta a madadinta, tare da gaisuwarta gare ku duka.

Yayarka,
Amamata