Gawon Gonarki Yana Nan Tsaye

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke babban labari: ɗanki ya samu sarauta. Masu shan shayi a tashar Birnin Kudu sun naɗa ni Sarkin Tsuntsaye. Ba a ba ni rawani ba, hular sanyi mai rufe kunne na saya da kaina.

Dalilin naɗin shi ne, tun da sanyi ya sauka, duk Asabar nakan tafi ƙauyenmu Kwandiko da madubin hangen nesa a wuya don kallon tsuntsaye, in bi 'yar hanyar da kike bi zuwa fadama. Kurege na nan da rashin kunyarsa. Zalɓe na tsaye a bakin ruwa kamar alƙalin da ya ƙi yanke hukunci. Fakara kan tashi daga ciyawa ta tsinka mini zuciya. Hanyar kuma, kin sani, a gindin gawon gonarki take ƙarewa.

To, autanki Sale ya kawo masu gawayi sun zagaya gawon, har sun sare shi da gatari sau ɗaya don shaida. Wai itace ne mai taurin kai, yana zubar da ganye da damina, ya yi kore lokacin da kowa ya bushe. Na ce ashe ɗan gidanmu ne.

Na gaya wa Sale a gaban baffanninmu, ina kuma maimaitawa don masu leƙen wannan wasiƙa: a raba gonar, a ba ni inda gawon yake, ko da ƙasar ba ta fi shimfiɗar tabarma ba. Duk mai son gawayi ya fara da ni. Na bushe, zan kama wuta da kyau.

Kin tuna kaskon da kika kafa a gindinsa? Kina ɗauko ruwa daga fadama da sanyin safiya, yatsunki sun ƙage, ki zuba. Nakan ce, da girman kan ɗan makaranta, tsuntsun da ya ƙetaro hamada daga Turai ba ya jiran sadakar kowa. Ke kuwa sai ki ce, "Baƙo ba ya roƙon ruwa, ba shi ake yi."

Kaskon ya ɗan tsage, na liƙe shi da siminti. Ni ke cika shi yanzu. Yatsuna ma suna ƙagewa, Inna, sai in tuna naki.

Allah ya haskaka makwancinki, ya shayar da ke daga Alkausara kamar yadda kika shayar da bayinsa masu fiffike. Amin.

Ɗanki mai gardama,
Bala

Af, na kusa mantawa. Wannan Asabar wani ɗan tsuntsu mai rawayan ciki, mai kaɗa jela, ya sauka a bakin kaskon. Na duba littafi, daga Turai yake. Ya sha, ya ƙara. Ke ce da gaskiya.