Allon da Ya Sa Na Yi Shaidar Zur

Yayata abar girmamawa,

Assalamu alaikum. Ina fatan ciwon gwiwar ya sassauta, maigida da yara kuma suna lafiya. Ni jiki ƙalau, zuciya ce ta ƙi kwanciya.

Kin san shekara goma sha tara ke nan ina duba launi a maɗaba'a kafin a kai aiki inji. Wata huɗu da suka wuce allon kwamfutata ya mutu, manaja ya kawo wani. Tun daga nan aikin mai zanenmu, wata baiwar Allah mai 'ya'ya uku, ya riƙa zuwa mini a lalace: sararin sama layi-layi kamar matakala, fuskokin mutane sun yi duhu. Ta tsaya a bayan kujerata ta rantse aikinta daidai yake, na ce mata ta ji tsoron Allah. Sau uku na rubuta cewa ta yi sakaci. A na ukun aka sallame ta.

Shekaranjiya mai gyaran kwamfuta ya zo, ya ce in miƙe in kalli allon. Na miƙe, fuskokin suka washe. Na zauna, suka koma duhu. Ya ce irin wannan allo TN ake kiransa, launinsa na sauyawa gwargwadon inda ido yake, na da kuwa IPS ne, wanda ba ya haka. Kuma sabon allon bit shida ne, wato hawa sittin da huɗu kacal yake nunawa na kowane launi, alhali na da ɗari biyu da hamsin da shida yake nunawa. Matakalar ta allo ce, ba ta hannunta ba. Tana tsaye, ina zaune, kowa abin da ya gani ya faɗa, amma maganata ce ke da sa hannu.

Mai gyaran ya ce tun ranar saye ya gargaɗi manaja. Manaja ya sani, Yaya. Ya karɓi takarduna uku yana gyaɗa kai.

Ni ma ban wanke kaina ba. Me ya hana ni miƙewa ranar da ta rantse? Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki.

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarki ta iso. Kin ce ba da gangan na yi ba. Haka ne, amma 'ya'yan mai zanen ba niyyata za su ci ba.

Na samu manaja na roƙe shi ya mayar da ita. Ya ce an cike gurbinta, sannan ya yi mini alkawarin sabon allo mai kyau idan na bar maganar. Abin da ya ɗauka mutuncina ya kai ke nan.

Na je gidanta neman gafara. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta ba ni ruwa, ba ta ce ta yafe ba. Abu ɗaya ta nema: takarda da za ta nuna wa masu ɗaukar aiki cewa hannunta ba shi da laifi. Na rubuta, na ambaci allon da wanda ya sayo shi. Manaja ya ƙi buga hatimi, ya ce in zaɓa tsakanin takardar da kujerata.

Jiya na kai mata da sa hannuna kaɗai. Yau na miƙa mabuɗin ofis. Ina tsoron kada ya zama fushi ne ya ja ni, ba gaskiya ba, amma ko da fushin ne, takardar tana hannunta.

Ki gaida maigida. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki mai neman addu'arki.