Ƙunshin Biki a Filin Jirgin Jidda

Yaya Binta,

Sallama da fatan alheri. Ina gajiyar biki? Ya jikin Baba, ya yara?

Na iso unguwarmu Shisha a Makka, amma da ƙyar. A Jidda na nufi na'urar duba fasfo, wai ni 'yar boko ba na bin layi. Na ɗora yatsa, ƙofa ta ƙi buɗewa. Ƙunshin da kika dage sai kin yi mini ya rufe zanen yatsuna, ga bizar dawowata ranar take ƙarewa. Aka kai ni wurin wata ma'aikaciya, ta daɗe tana juya hannuna, fuska a murtuke. Can ta ce, "Wa ya yi miki wannan?" Ashe ƙunshin ne ya burge ta. Sai da na faɗi sunanki ta buga hatimi.

A sa mu a addu'a, a gaishe da Inna.

Ƙanwarki,
Hadiza